Bututun da Ya Gagari Ƙanƙara

Ranar Litinin, tara ga watan Janairu na shekarar 1995, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, wata akori-kura ta tsaya a ƙofar majami'ar unguwar Bayan Layi, a gefen Kafanchan. Ezekiyel ne ya fara dirowa daga gidan gaba, da hular kwano a kansa, ko da yake babu abin da zai faɗo masa daga sama sai ganyen mangwaro. A bayan motar kuwa wani baƙin abu ne a nannaɗe, gammo kan gammo, kamar mesa ta ci ta ƙoshi.

Shekara ashirin da shida Ezekiyel ya yi a tashar jirgin ƙasa, aikinsa kuma ɗaya ne tak. Idan jirgin kwal ya tsaya, ya ja sarƙa ruwa ya zubo daga tanki, idan ya cika ya saki sarƙa. Daga nan aka sa masa Baban Tanki. Jiragen kwal sun tafi, tankin ya yi tsatsa, hankaki ya yi sheƙa a ciki, amma sunan ya zauna daram. Shi dai Injiniya yake kiran kansa, har ya sa aka rubuta masa da fenti a ƙofar gida, sai dai ko matarsa Afiniki ba ta taɓa yin tuntuɓen harshe ta furta shi ba.

Matan Zumuntar Mata sun yi damina uku suna noman citta a gonar ikilisiya saboda abu guda: a jawo ruwa daga idon ruwan gindin dutse zuwa ƙofar majami'a, su huta da hawan tudu da daro a ka. Sun sa rana, Asabar ashirin da ɗaya ga wata, ranar da zumuntar Kagoma da Godogodo da Kauru za su zo musu taron sabuwar shekara. Suka aiki Ezekiyel kasuwa, shagon Alhaji Mijinyawa, ya sayo bututun ƙarfe. Ezekiyel ya wuce shagon, ya wuce kasuwar, ya shiga motar Jos.

Mama Yemima, shugabar zumunta, ta zagaya motar sau biyu da hannu a ƙugu.

"Baban Tanki, mun aike ka ƙarfe. Wannan tiyo na wanke mota ne?"

"Tiyo!" Ezekiyel ya dafa ƙirji. "Mama, ki roƙi gafara. Wannan bututun roba ne na ƙasar Turai. Ana lanƙwasa shi kamar igiya, ba ya tsatsa, ba ya son gwiwa, ba ya son sifana."

Ya zaro wata takarda mai sheƙi daga aljihu ya warware. Rubutun ba Turancin Ingila ba ne, shi ma bai san na wace ƙasa ba ne, amma akwai hoto: gida da farin abu a kan rufinsa, da wani Bature yana murmushi da kofi a hannu.

"Kin ga farin nan? Ƙanƙara ce. A ƙasarsu ruwa yana daskarewa a cikin famfo, ƙarfe ya tsage kamar rake. Wannan kuwa sai dai ya kumbura ya koma, kamar cikin mai cin biki. Ni na san sanyi, Mama. Na yi kos a Kuru. Can idan ka tofar da yawu, sai ka ji ya faɗi ƙasa ƙwal."

Mako uku ya yi a Kuru, a watan Afrilu, amma babu wanda ya tsaya tuna masa.

"Shekarata sittin da biyu a ƙasar nan," in ji Mama Yemima. "Yaushe ruwa ya taɓa daskarewa a Kafanchan?"

"Bai taɓa ba."

"To?"

"To Nuhu da yake sassaƙa jirgi, akwai hadari ko ɗaya a sama? Ran da zai daskare, daga nan har Kauru ku kaɗai za ku sha ruwa."

Da wuya a yi gardama da Nuhu a ƙofar majami'a.

Washegari Talata, shida da rabi na safe, mata arba'in da ɗaya suka hallara da fartanya da diga, an dama kunu tulu biyu. Gayya ce aka kira don a haƙa rami daga dutse zuwa majami'a a binne bututu, yadda ake yi tun zamanin turawan mishan. Ezekiyel ya hau tushen mangwaro ya ɗaga hannu.

"Ku koma gida. Gawa ake binnewa, da irin doya, da ƙarfe mai jin kunyar tsatsa. Abin da ya gagari ƙanƙara, mene ne zai ba shi tsoro a bisa ƙasa?"

"Maigida," in ji Afiniki a hankali, "tun da an riga an zo, a bari su haƙa mana."

"Ke kika yi kos ko ni?"

Matan suka sha kunu suka watse. Shi kuma ya ja bututunsa ya shimfiɗa a kan ciyawa: daga kwatarnin siminti da ke bakin idon ruwa, ya ratsa saurar surukinsa Zamani, ya bi ta bayan ɗakin aladun Martina, ya wuce gefen maƙabarta, ya zo ƙofar majami'a cif. Da ƙafarsa ya auna nisan, taki ɗari biyar da goma sha biyu, haka kuma ya sayo, ko taƙi ɗaya bai ƙara ba, don a cewarsa injiniyan ƙwarai ba ya barin saura. Ya kafa turke, ya ɗaura kan famfo. Da ƙarfe uku da minti biyar ya murɗa.

Ruwa ya zo. Ya yi tari sau biyu, ya yi kaki, sannan ya zubo fari tas. Mata suka rangaɗa guɗa. Mama Yemima ta tara hannu ta sha, ta wanke fuska, ta ce, "Yabo ga Ubangiji." Wata tsohuwa da ta yi shekara hamsin tana hawan tudun ta zauna a ƙasa tana kuka.

Da Ezekiyel ya koma gida a ranar ya kwanta ya ja bargo, da wataƙila yau ana kiransa abin da yake so. Amma safiyar Laraba kasuwa ya nufa.

Shi da Alhaji Mijinyawa sun yi shekara talatin suna dara a ƙofar shagon, kuma a duk tsawon nan babu wanda ya taɓa yarda an ci shi. Alhaji yana zaune a kan tarin bututun ƙarfe yana ɓare goro.

"A'a, Baban Tanki! Na ji an ce ka sayo wa mata taliya, baƙa, mai tsawon mil."

"Taliyar nan ta kawo ruwa, Alhaji. Ƙarfenka kuwa ga shi nan yana kawo tsatsa."

"Roba roba ce. Da ita ake takalmin silifa."

"Ran da ruwa ya daskare, naka zai fashe, nawa zai yi dariya."

"Ran da ruwa ya daskare a Kafanchan, ni ma zan haifi tagwaye."

Masu shaguna suka fara matsowa. Ezekiyel ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya waiga, sai idonsa ya faɗa kan shagon Hajiya Kubra, mai sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, inda wata doguwar firiza take gurnani kamar akwatin gawa mai rai.

"Ba sai mun jira sama ba," in ji shi. "Ga ƙasar Turai can a shagon Hajiya. A cika nawa da ruwa, a cika naka, a toshe, a sa a ciki. Gani ya kori ji."

"In naka ya fashe?"

"In goge fentin ƙofata da hannuna."

"In nawa ya fashe, wallahi in kira ka Injiniya a gaban kasuwar nan, kuma ba zan sake kiranka wani suna ba har ƙasa ta rufe idona."

Aka tafa. Hajiya Kubra ta ce ba ruwanta, muddin ba a taɓa mata kunu ba.

Matsalar ita ce injiniyan ƙwarai bai bar saura ba. Ezekiyel ya koma majami'a da zarto, ya dubi bututun, ya ce gwaji na manya ba a yin sa da guntu, ya yanke taki goma sha biyu daga ƙarshe. Ya tumɓuke turken famfo ya mayar da shi gindin mangwaro. Mama Yemima ta fito daga ajin ɗinki ta tarar famfonta ya yi tafiya.

"Wa ya matsar da shi?"

"Inuwa, Mama. Kada rana ta dake ku a layi."

Ya cika taki goma sha biyun da ruwa, ya toshe bakin biyu da totuwar masara, ya naɗe, ya kai kasuwa a wuya. Da ƙyar ya cusa shi a firiza a kan ƙullin kunun aya. Murfi ya ƙi rufuwa. Ya danna, ya tashi. Ya danna da gwiwa, ya tashi. Sai ya hau ya zauna.

"Har yaushe za ka zauna min a kan abinci?" in ji Hajiya.

"Har ya daskare."

"Kai ko shi?"

Ya zauna daga sha ɗaya saura kwata har ƙarfe biyu da rabi, yana yi wa masu wucewa bayanin sanyin Kuru. Bai lura ba tun sha biyu aka ɗauke wuta, firiza ta yi shiru. Da ƙafarsa ta yi sanyi ya zame don ya miƙe, sai murfin ya yi sama, bututun ya warware kamar kububuwa an taka mata wutsiya. Totuwa ɗaya ta tashi ta ɗauke hular Alhaji daga kansa, ɗayar ta shiga tiren mai gyaɗa. Ruwa ya fesa wa shagon wanka, ƙullin kunu sittin suka fashe, zoɓo ya bi ƙasa ja wur har bakin lambatu.

Hajiya Kubra ba ta yi ihu ba. Ta kama bakin bututun ta naɗe a hannu, ta tsula wa Ezekiyel ɗaya a gadon baya.

"Yana lanƙwasuwa kuwa," in ji ta. "Ka yi gaskiya."

Ta ƙi mayar masa. Kafin la'asar ta ɗaure shi tsakanin shagonta da turken lantarki ta shanya tsummokara.

Wannan ranar Laraba ke nan. Ranar Juma'a kuma mata suka zo da wata ƙara. Baƙar roba a shimfiɗe cikin rana, taki ɗari biyar, da tsakar rana ruwan sai ya fito da zafi.

"Mun ce ruwan sha, ka kawo mana na wankan jego," in ji Mama Yemima. "Martina ta zuba ganyen shayi a ciki, ya yi."

"Numfashi yake so," in ji Ezekiyel, bai ko yi tunani ba. "Jirgi ma yana da inda yake fitar da tururi."

Ya ɗauki basilla ya hau tudu, ya huda bututun wuri uku. Ya zaɓi bayan ɗakin aladun Martina, don can ne babu mai wucewa. Ruwa ya riƙa tsartuwa siriri siriri. Kafin Lahadi wurin ya zama taɓo, kafin Litinin uwar aladun Martina da 'ya'yanta bakwai sun gano shi. Suka yi birgima suka gode wa Allah, sannan suka ɗanɗana robar suka ji tana da daɗin tauna. Ranar Talata da safe famfo ya yi shiru.

Ezekiyel ya tarar da taki arba'in na bututun kamar an ba kare takalmi.

"Martina! Ki ɗaure dabbobinki!"

"Baba, su suka zo wurin fayif ɗinka, ko fayif ɗinka ya zo wurinsu? Shekara tara suna nan. Kai ka kawo musu tafki har gida."

"Wannan kaya na Turai ne!"

"To ai su ma jinsin Turai ne. Dubi kunnensu."

Ya yanke inda aka tauna ya yar. Ya jawo ɓangaren ƙasa ya hau da shi tudu har ya sadu da na sama, ya gasa baki ɗaya a wuta ya cusa ɗayan, ya naɗe da tsohon tub ɗin keke. Famfo ya bar gindin mangwaro, ya wuce bayan ɗakin fasto, ya wuce makewayi, ya tsaya a bakin maƙabarta.

Mama Yemima ta daɗe tana duban turken, tana duban gicciyen da ke jere a bayansa.

"Baban Tanki, waɗanda suka huta ne suka ce maka suna jin ƙishi?"

"Na ɗan lokaci ne, Mama."

"Su ma haka Fasto ya ce musu." Ta matso har ya ji hucinta. "Saura kwana huɗu. Mata ɗari uku za su zo. Na tsaya a Godogodo bara na ce musu bana za su sha ruwan famfo a ƙofarmu. In ka ba ni kunya, ga wuri nan kusa, ba sai an ɗauke ka da nisa ba."

Shi kuwa hankalinsa yana kasuwa. Alhaji Mijinyawa, da yake ya tabbata shi zai ci, shi ya lallashi Hajiya Kubra, ya kuma ba da aron janaretansa don kada a ce wuta ce ta hana. Hajiya ta kafa sharuɗɗa: kamu uku uku, ba ƙari; a toshe da abin kirki; a sa kwaɗo a murfi, mabuɗi a bakin zaninta; kuma Baban Tanki kada ya matso kusa da taki goma. Ezekiyel ya sake yanko kamu uku. Famfo ya ɗan ƙara shiga, ya jingina da kabarin tsohon mai bishara. Ranar Alhamis da ƙarfe tara aka sa na ƙarfe da na roba gefe da gefe, aka rufe. Za a buɗe Asabar da sha biyu.

Juma'a da yamma Zamani, ƙanen Afiniki, ya shigo gidan da kare biyu a bayansa da gora a kafaɗa.

"Suruki, ka naɗe igiyar nan taka daga saurata. Gobe za mu sa wuta."

"Wace wuta?"

"Kai baƙo ne? Asabar ta uku a Janairu. Farautar gafiya. Tun kakanmu haka ne, kai ma ka sha cin naman."

"Ku sa. Ku ƙara da kananzir."

"Roba ce fa, Suruki."

Ezekiyel ya gyara zama, irin zaman da yake yi idan zai koyar.

"Zamani, me yake kashe wuta?"

"Ruwa."

"Ruwa da ƙanƙara, wane ne babba?"

"Ƙanƙara ta fi tauri."

"To abin da ya gagari yayan ruwa, wuta da ƙanen ma yake kashe ta, me za ta yi masa?"

Zamani ya sosa ƙeya. Ya dubi yayarsa. Afiniki ta ci gaba da tsince shinkafa.

"Yaya, kin ji ni na faɗa."

"Na ji. Ni ma shekara talatin ina faɗa."

Da ma ya bar ruwan yana gudu a ciki, da wataƙila wutar ciyawa ta lashe shi ta wuce. Amma Asabar da sassafe Ezekiyel ya hau dutse ya toshe bakin bututun da tsumma, don kwatarnin ya cika ya batse, ruwan ya zo da ƙarfi a gaban baƙi. Ya zaunar da Afiniki a wurin ya ce da ta ji ƙararrawar majami'a ta zare tsumman. Ya sa kwat ɗinsa na aure da hular kwano ya tafi kasuwa.

Sha biyu daidai Hajiya Kubra ta kwance bakin zani. Masu shaguna, da 'yan acaɓa, da mata masu citta, har da mahauci da wuƙa a hannu, duk sun yi da'ira. Murfi ya tashi, farin tururi ya fito. Hajiya ta sa tsumma ta ɗago na ƙarfe.

Ya tsage. Tsaga ɗaya doguwa daga wuya har ciki, ƙanƙara ta leƙo ta wurin kamar haƙori.

Ta ɗago na roba. Ya kumbura a tsakiya kamar kasa ta haɗiye kwaɗo, ya yi fari da raɓa, ya sandare. Aka juya shi, aka duba, mahauci ya ƙwanƙwasa da bayan wuƙa. Ko tsagar gashi babu.

Kasuwa ta ɗauki sowa. Alhaji Mijinyawa ya karɓi ƙarfensa ya daɗe yana shafa tsagar da yatsa. Sannan ya cire goro daga baki, ya miƙe tsaye, ya gyara hula.

"Jama'a ku shaida. Injiniya, ka ci."

"Ban ji ba, Alhaji. Janareta yana ƙara."

"Injiniya!"

Ezekiyel ya rufe ido. Shekara ashirin da shida na jan sarƙa, da shekarun zaman banza da suka biyo baya, duk suka sauka daga kafaɗarsa. Ya saɓa sandararren bututun kamar bindiga, ya hau acaɓa ya ce a bi ta babban titi. Alhaji ya biyo shi a kan Vespa, don an ce dole ya maimaita a gaban mata.

An kwashe bencina daga majami'a an jera a bakin maƙabarta, tun da can famfo yake. Mata ɗari uku da ashirin cikin anko, kowace zumunta da launin zaninta, ana buga tulu da kacau-kacau ana waƙa. Can bisa tudu hayaƙi ya turnuƙe, ana jin haushin karnuka da ihun maza, amma wannan kowa ya saba da shi a irin wannan Asabar.

Ezekiyel ya tsaya kusa da kabarin mai bishara ya ɗaga bututun sama. Ya yi magana minti talatin da biyar. Ya fara daga Nuhu, ya biyo ta Musa da ya bugi dutse ruwa ya fito, ya ratsa Kuru, ya sauka a firizar Hajiya Kubra. Ƙanƙarar ta fara narkewa tana bin hannun kwat ɗinsa tana ɗiga daga gwiwar hannu. Ya sa Alhaji ya faɗi kalmar sau biyu, ɗaya don matan baya.

"A buga ƙararrawa!"

Aka buga. Ya ba ruwa minti uku ya sauko, yana duban agogo. Ya miƙa wa shugabar Godogodo kofi. Ya murɗa famfo.

Famfon ya yi shiru. Sannan ya ja wani dogon numfashi, ya fitar da ɗan baƙin hayaƙi mai warin taya, kamar tsoho ya zuƙi lofe.

"Yana gyara murya ne," in ji Ezekiyel.

Shugabar Godogodo ta leƙa kofin. "Mama Yemima, a nan haka kuke sha?"

Sai ga Zamani ya ɓullo daga bayan kaburbura, fuska baƙa da toka, gafiya huɗu a rataye a gora, yana jan wani abu a ƙasa, baƙi, a cure, yana ɗigar kwalta.

"Suruki, ga wuta ta aiko maka. Daga saurata har ɗakin Martina, iyakar abin da muka samu ke nan. Ya ci da kyau, wallahi. Ya fi ciyawar ci."

Kafin Ezekiyel ya sami amsa aka ji wani ruri daga tudu. Afiniki ta zare tsumma yadda aka umarce ta, ruwan da ya taru tun sassafe ya fito da ƙarfinsa duka, ya tarar babu hanya, ya bi gangara ya daki katangar ɗakin aladu, wadda taɓon mako guda ya riga ya jiƙa mata gindi. Katangar ta zauna. Uwar aladu da 'ya'yanta bakwai, wuta a baya, ruwa a gefe, suka nufo inda suka ji waƙa.

Suka shiga ta tsakanin zumuntar Kauru suka fita ta cikin ta Kagoma. Bencina suka kife, tuluna biyu suka fashe, tukunyar shinkafa ta mirgina har gindin gicciye. Martina tana bin su tana kiran sunayensu ɗaya ɗaya. Alhaji Mijinyawa, mai shekara sittin da takwas da ciwon gwiwa, ya tattare babbar riga ya haye teburin Fasto da tsalle guda, yana salati.

Da ƙura ta lafa, Mama Yemima ta tako a hankali. Ɗankwalinta ya karkace, taɓo har gwiwa. Ezekiyel yana nan inda yake, rungume da bututunsa.

"Mama, ki duba," in ji shi, murya ƙasa ƙasa. "Bai fashe ba."

"Na gani."

Ta karɓi kofin daga hannun shugabar Godogodo ta tara a ƙarƙashin bakin bututun. Ƙanƙara tana narkewa, ɗis, ɗis, ɗis. Mata ɗari uku suka yi tsit suna kallo har ya kai rabin kofi. Ta miƙa wa baƙuwar da hannu biyu.

"Na yi miki alkawarin ruwan famfo. Ga na damina uku. Ki sha a hankali, mai sanyi ne, daga Turai."

Sannan ta juya ga matanta. "Ku ɗauko daro. Baƙi za su wanke ƙafa."

Suka bi tsohuwar hanya zuwa dutse a jere, baƙin ma suka bi su, wata ta ɗauko waƙa sauran suka amsa. A rabin tudu suka gamu da Afiniki tana saukowa. Ita ma ta karɓi daro ta juya.

Da ƙarfe huɗu da minti arba'in, waɗanda suka rage a bakin maƙabartar su ne:

Tsohon mai bishara da maƙwabtansa goma sha tara, waɗanda ba su ce komai ba.

Turken famfo, da kansa a buɗe.

Uwar aladun Martina, a ƙarƙashin teburin Fasto, tana cin shinkafa.

Kamu uku na bututun roba, ya saki, ya koma yadda yake, lafiya lau.

Ezekiyel, zaune a gefen kabari, hular kwano a gwiwa.

Da Alhaji Mijinyawa, tsaye a kan tebur, wanda bai taɓa karya rantsuwa ba, yana cewa a hankali, "Injiniya. Injiniya, don girman Allah, zo ka kore min wannan dabba."